Jirgin Korar Jan-baki

Duk wanda ya gaya muku jirgina bai tashi ba, ku ce masa ni Kailu na ce ƙarya yake yi. Ya tashi. Rabin mutanen Filinge sun gani da idonsu, sauran rabin kuma sun ji a jikinsu. Saukarsa ce kawai ake gardama a kai.

Zamanin soja ne, lokacin da mutum ke waiwayawa kafin ya yi tari a gaban ofis. Ina da rumfar gyaran rediyo a bakin tasha, inda motocin Yamai ke lodi. Na taɓa zama a Yamai ɗin, na yi aiki a wani gareji da ke kan hanyar filin jirgi. Aikin nawa shara ne da miƙo wa makanikai ƙarafa, amma jirage ta kanmu suke wucewa safe da yamma, kuma mai kai irin nawa ba ya bukatar fiye da haka. Da na dawo gida sai na sa aka rubuta "Injiniya Kailu" a jikin rumfa. Rediyon da duk ya shigo hannuna, in bai yi magana ba to zai yi hayaƙi, ba dai ya koma yadda ya zo ba.

A lokacin akwai wani Bature mai aikin haƙar rijiyoyi a ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai. Yana da ɗan jirgi mai saukar ungulu na wasa, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, mai ɗan inji da ake ja da zare. Da wani akwati mai eriya da sanduna biyu yake tuƙa shi daga ƙasa. Wata yamma jirgin ya yi karo da bishiyar gawo, ya faɗo a ragargaje. Da Baturen ya tashi barin gari, ya gan ni ina ta kewaya kwalin da ya zuba gawar a ciki, sai ya miƙo mini shi har da akwatin da sauran man da ke galan. Ya yi wata magana da Faransanci yana kaɗa kai.

Hamani mahauci, taubashina, yana wurin. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku, don haka shi ne tafintan unguwa.

"Cewa ya yi abin ya mutu murus," in ji shi.

"Ba ka ji da kyau ba. Cewa ya yi in ba ni ba, babu mai tada shi."

"Awo, Injiniya. Ai shi ya sa ya kaɗa kai, tausayin jirgin yaka ji."

Na kai kwalin gida na baje a tabarma. Ɗaya daga cikin fuka-fukan sama biyu ya karye, bututun wutsiya ya lanƙwashe, ƙafafun sun tsinke. Ina dubawa na gane ciwon. Bature yana da ilimi amma ba ya da tsoron gobe. Komai ya yi shi siriri, marar nauyi, kamar kara. Ta yaya abu irin wannan zai yi karo da gawo ya tsira? Ƙarfi ne babu, kuma ƙarfafa abu shi ne fannina.

Shekarar nan hatsi ya yi kyau, tsuntsayen jan-baki kuma suka zo kamar an aika musu goron gayyata. Surukina Baba Magagi, mahaifin matata Haske, yana da gona a bayan gari, gefen burtalin da shanu ke bi zuwa kasuwa. Tsohon ya ɗaure igiyoyi da gwangwanaye ko'ina, yana wuni a kan rumfa yana ja yana ihu, har muryarsa ta koma ta agwagwa. Ranar da na je gaishe shi na durƙusa, na ce, "Baba, wahalarku ta ƙare. Jirgi zan kawo muku."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya sake dubana.

"Jirgi."

"Mai saukar ungulu. Zagaye ɗaya zai yi, tsuntsun da ya tsaya sai ya kai Mali."

"Kailu, rediyona da ka amsa tun kafin shuka, yana lahiya?"

"Yana samun sauƙi, Baba."

"To Allah shi ƙara sauƙi."

Na ɗauki wannan a matsayin amincewa, na koma na kama aiki.

Fiffiken da ya karye na katako ne. Na zagaya gida ina neman itace mai nagarta, ban ga wanda ya kai muciyar Haske ba. Tsohuwar muciya ce, ta sha tuwo ta yi tauri. Na fere ta, na goge ta da yashi, ta fito sumul. Na ɗaura sai na ga ta fi ɗayan fiffiken nauyi. Wani zai rage mata. Ni ba na rage ƙarfi, sai na buga wa ɗayan ƙusoshi har suka yi kusan daidai.

Da yamma Haske ta ɗora tukunya, ta shiga lalube.

"Maigida, ba ka ga muciyata ba?"

"Ta sami ci gaba."

Ta leƙo, ta ga abin da ke kan tabarma.

"To yau da mi za a tuƙa tuwo?"

"Haske, muciyarki za ta tashi sama. Wace mace ce a Kurfai za ta faɗi haka?"

"Wadda mijinta zai kwana da yunwa."

Wutsiya kuwa famfon keken Hamani na aro. Na zare cikinsa, na sami bututu mai kauri. A ƙarshen wutsiyar akwai wata 'yar farfela da wata doguwar waya ke juyawa daga inji. Na yi nazari na gano cewa ado ce kawai, irin na Turawa, don haka na mayar da ita amma ban wahalar da kaina da wayar ba. Ƙafafu su ne na fi ba muhimmanci. Na zare sanduna biyu daga kan gadon ƙarfen Haske, na kai wa maƙeri ya lanƙwasa su ya haɗa, suka fito kamar mariƙin tukunyar biki.

Gwajin farko a tsakar gida na yi shi. Na zuba mai, na ja zare, injin ya ɗauki kuka kamar sauro mai girman tunkiya. Na tura sandar akwati. Fuka-fukai suka juya, jirgin ya ɗaga kaɗan, sai gangar jikin ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ya shiga juyi kamar katantanwa, ya tsinke igiyar shanya, ya naɗe zanen Haske, ya kife tulun ruwa. Zakaranmu ya zo wucewa da taƙamarsa, ya fita ba wutsiya. Daga ƙarshe jirgin ya daki turmi ya yi shiru.

Hamani ya leƙo ta kan katanga.

"Injiniya, aski ka koma yi wa kaji?"

"Gwaji ne. A gwaji ake gane abu."

"Mi ka gane?"

"Bai yi ƙarfi ba."

"Shi zakaran ko jirgin? Tsaya ma, wancan ba famfona ba ne?"

"Famfonka ya sami ci gaba."

Na mayar da wayar wutsiya, tunda na lura Baturen bai sa ta a banza ba. Ba na hana mutum haƙƙinsa. Amma karon da aka yi da turmi ya lotsa hancin jirgin, kuma na tuna cewa jan-baki suna da baki. In dubu suka taru a kansa fa? Sai na farke gwangwanayen tumatir na buga su suka miƙe, na yi masa sulke ciki da waje. Wutsiya na ƙara mata sandar lema, na naɗe da robar tayar keke. Na kai wa baduku ya ɗinka masa riga ta jar fata, har da tuntaye, don kada a ce jirgin Kurfai ya fita tsirara. Na rataya ƙararrawar keke a gaba saboda tsuntsayen da ba su jin inji. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo laya ta ce a ɗaura, na ɗaura. Da na gama, hannu biyu nake sawa in ɗaga shi, har da ɗan nishi. Na ce yanzu ka zama jirgi.

Man Bature ya kusa ƙarewa. Na shinshina shi, na ɗanɗana, na gane barasar fitila ce da wani mai. Na sayo barasar a kanti, na haɗa da man gyaɗar Haske. Pil ɗin akwati kuwa, wato batir, sun yi sanyi, sai na yi musu abin da nake yi wa na rediyo, na shanya su a rana na ɗan ciccije su.

Gwaji na biyu a lungu aka yi shi, maƙwabta sun cika. Injin ya tashi da tari, ya turnuƙe lungun da hayaƙi mai ƙanshin ƙosai, har wani makaho da ke wucewa ya tsaya ya ce a ba shi na dala. Na tura sanda. Jirgin ya yi karkarwa, ya tono ƙasa, ya yi tsalle kamar kwaɗo, ya dawo. Ya sake yunƙurawa, sai ya kama tafiya da ƙafa, gefe-gefe, har ya isa bakin kwata ya zauna.

"Kwanci zai yi," in ji tsohuwa mai laya. "Ku kawo mishi ƙwai."

Hamani ya riƙe ciki. "Ai ya kyauta. In ya tahi gona da ƙafa, tsuntsaye dariya za ta kashe su."

Na bar su suka gama, sannan na yi musu bayani. Iskar cikin gari ta sha numfashin mutane da hayaƙin girki, ta gaji. Jirgi iskar fili yake so. Ko a Yamai ai ba a tsakiyar kasuwa suke tashi ba.

"Ran Lahadi," na ce, "a gonar Baba Magagi. Wanda ya yi dariya yau ya zo da bakinsa."

Na ba wani maroƙi goro ya zaga gari da shela. Lahadi ce ranar kasuwar Filinge, kuma da gangan na zaɓe ta, don mutanen Tabla da na Imanan su koma gida da labari. Daga nan na je na shawo kan Baba Magagi ya kwance igiyoyinsa da gwangwanayensa, kada su harɗe jirgi. Ya ƙi, ya ƙi, amma ya ga gari duk ya ɗauka, kuma gwiwoyinsa sun gaji da hawa rumfa.

"Kailu," ya ce yana naɗe igiya, "wanga hatsi shi ne abincin gidana har baɗi. Har da matarka, in ta yi yaji."

"Baba, ku dai tanadi rumbu na biyu."

Ranar Lahadi da hantsi na iso da jirgin a kan jaki, na sa hular kwano ta masu babur da tabarau. Ban zaci jama'a za su kai haka ba. Gefen gona bai ishe su ba, sai na baya suka turo na gaba, na gaba suka shiga cikin hatsi. Ina jin karan na ɓallewa ɓas, ɓas, ina ganin fuskar Baba Magagi na canzawa. Jan-baki kuwa, da suka ga ba igiya ba gwangwani, sun sauka a ɗaya gefen suna ta walima.

Na ajiye jirgi a fili. Maroƙi ya ɗaga murya: "Kailu na Haske, ungulun Kurfai! Kailu mai sa muciya tashi!" Na ja zare, ƙanshin ƙosai ya tashi, na tura sanda.

Ya yi karkarwa, ya tono ƙasa, ya zauna.

Na ji dariyar Hamani daga baya, ita ce ta fi ta kowa. Na ce a raina yau ko ni ko kai. Na danna sandar har ƙarshe, na riƙe. Injin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Fiffiken muciya da fiffiken ƙusoshi suka shiga gardama, jirgin ya kama jijjiga kamar mai bori. Ƙararrawa ce ta fara tsinkewa, ta wuce fiu ta sami Hamani a goshi, ƙarar ta fito tangaran. Sai sulken tumatir ya fara ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, yana tashi kan mutane suna sunkuyawa. Ɗinkin baduku ya farke, jar riga ta yi sama ta sauko a kan rawanin wani baƙo. Robar wutsiya ta warware, sandar lema ta cake a ƙasa tsakanin ƙafafun maroƙi. Laya ce ta fita ƙarshe.

"Yana tuɓewa!" in ji wata mata. "Ku rufe wa yara ido!"

"Haka na tsara shi!" na yi ihu. "Mataki-mataki ne!"

Ban rufe baki ba jirgin ya yi tsalle ya tashi.

Jama'a, ya tashi. Ya wuce kan hatsi, ya wuce tsayin rumfa, yana jan hayaƙi a baya. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya kamar hadari, suka yi gabas. Wurin ya kaure da sowa, mata na guɗa. Baba Magagi ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa, ya ce, "Kai, ɗana!" Na ji ƙwalla ta cika mini tabarau. Maroƙi ya matso yana zuba kirari a kunnena, ni kuwa na ga bai kamata a bar jama'a ba amsa ba, sai na saki sanda na ɗaga musu hannu.

Da na mayar da ido sama, jirgin ya juyo yana kallona.

Akwai abin da Baturen bai gaya mini ba. In jirgi ya fuskanto ka, hagunsa ce damarka. Na tura hagu ya yi dama. Na tura dama ya yi hagu. Na tura duka biyun, ya sunkuyar da kai ya nufo mu. Jama'a suka watse cikin gona, kowa da hanyar da ya buɗe wa kansa a cikin hatsi. Jirgin ya share kan rumfa, ya ɗaga, ya karkata wajen burtali. Na jijjiga akwati, na buga shi a gwiwa. 'Yar allurar da ke nuna ƙarfin pil ta kwanta kamar ta yi sallama da duniya.

A daidai lokacin Amadu, wani Bafulatani da muke gaisawa, yana koro shanunsa zuwa kasuwa. A gabansu akwai jan bijimi mai ƙahoni kamar rassan itace. Jirgina ya zo kansa, ya tsaya cak a sama kamar mai tunani, sannan ya yi saukar da aka san shi da ita. Fuka-fukan suka daki ƙaho suka tarwatse, muciya ta yi nata wuri. Amma ƙafafun ƙarfen gadon nan suka maƙale a ƙahon dama suka zauna daram, injin kuma bai mutu ba. Da ya rabu da nauyin fuka-fukai ma sai ya ƙara murya, a gindin kunnen bijimin.

Bijimin ya yi tsalle da ƙafa huɗu. Ya bar burtali ya faɗa gona, garken duka suka bi shi, Amadu na binsu da sanda yana kiran sunayensu. Abin da ƙafar mutane ta bari, kofato ya gama da shi. Suka fita ta ɗaya gefen suka miƙe hanyar gari.

Na bi su a guje, akwati a hannu, eriya a miƙe, ina ta murza sanduna ko Allah zai sa injin ya mutu. Wannan shi ne kuskuren da idon mutane ya yi. Sun ga sa na gudu da inji a ka, sun ga mutum da hular kwano a bayansa yana murza akwati.

"Shi ka tuƙa shi! Kailu ka tuƙa san!"

Muka shiga kasuwa ta wajen masu tukwane. Ba zan faɗi abin da ya faru da tukwanen ba, don har yau masu su ba su amsa gaisuwata. Muka bi ta masu ƙwarya, muka fita ta masu barkono, kowa na gudu yana atishawa. Wani da bai ga komai ba sai hayaƙi da ƙara ya kwarma ihu, "Juyin mulki!" Nan take masu kanti suka shiga rufe ƙofofi. Wani dillali ya hau kan buhu yana cewa shi dama tun can yana goyon baya, aka tambaye shi bayan wa, ya ce duk wanda ya ci.

Bijimin ya fita kasuwa ya doshi barikin jandarma. Kwamandan na tsaye a ƙofa da mutanensa, sun ji hayaniya sun fito da bindigogi. San ya shiga fili yana zagaye, yana tafka ƙasa. Na iso ina haki. Kwamandan ya dubi sa, ya dubi akwatin hannuna.

"Kai! Tsayar da shi!"

"Ranka ya daɗe, ai ba ni..."

"Na ce tsayar da shi!"

Don in nuna masa ba ruwana, na ja sandar baya. A daidai wannan lokacin man gyaɗar Haske ya ƙare. Injin ya yi tari ya mutu, bijimin ya tsaya cak yana huci.

Wani daga cikin jama'a ya ce, "La ilaha illallahu. Har birki gare shi."

Ba zan ɓoye muku ba, duk da bindigogin da ke kallona, sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni.

Aka shigar da ni ciki, aka zaunar a ƙasa. Baba Magagi da Haske da Hamani da Amadu suka biyo, aka bar su a bakin ƙofa. Kwamandan ya ajiye akwatin a tebur yana juya shi da bakin sanda.

"Na'urar rediyo mai eriya. Taro ba izini. Abu mai tashi sama. Da wa kake magana da wannan? Wa ya koya maka?"

"Ba wanda ya koya mini, ranka ya daɗe. Ni injiniya ne."

"Madalla. In injiniya ne kai, yau za ka kwana Yamai, can akwai masu son hira da injiniyoyi."

Hamani ya matso, goshinsa da ƙulu kamar ƙwan zabo.

"Mon kwamanda, a yi mini izini. Wanga taubashina ne, tare munka tashi. Wallahi ko tocila bai iya gyarawa. Rediyon da duk ya taɓa, sai dai a yi mishi sadaka. Shara ya yi a Yamai. In wanga ne zai juya mulki, to mulkin ya kwana da ƙofa buɗe."

"Ƙarya ne!" na ce. "Rediyon liman fa?"

"Ya kama da wuta."

"Amma kafin nan ya yi magana!"

Haske ta durƙusa kusa da ni kamar mai kawo ruwa, ta kama naman cinyata ta murɗa. Ta yi ƙasa da murya. "Maigida, in ka tahi Yamai ba ni kai maka tuwo. Ba ni da muciya."

Kwamandan ya jingina da kujera. Na lura gashin bakinsa na rawa.

"To, malam. Abu biyu ne, ka zaɓa da bakinka. Injiniya ne kai, ko wawa?"

Ban taɓa jin tambaya mai wuya irin wannan ba. Na dubi ƙofa, ga jama'a sun cika taga. Na dubi motar da ke fili, hancinta na kallon hanyar Yamai. Na yi ƙoƙarin neman tsakiya.

"Ranka ya daɗe, ba za a iya cewa injiniya ne da aka samu..."

Haske ta ƙara murɗawa.

"Wawa ne."

"Ban ji ba."

"Wawa ne, ranka ya daɗe!"

Daga taga aka amsa, "Mun shaida!"

Kwamandan ya fita da sauri ya shiga wani ɗaki, muka ji yana wani irin tari mai tsawo. Da ya dawo yana share ido, ya yanke hukunci. Jirgi ya zama na hukuma. Zan gyara rumfunan kasuwa da hannuna. Zan ba Amadu haƙuri. Amadu ya ce shi ba a yi masa komai ba, wanda aka yi wa yana waje, don haka sai da na fita na tsaya gaban bijimi na ce ya yafe mini, a gaban mutanen Tabla da na Imanan. Sun kuwa koma gida da labari. Aka kira maƙeri ya cire jirgin daga ƙaho, ya yi ta fama har sai da ya sa zarto. Ina so a rubuta wannan a tarihi: ƙafafun nan ko lanƙwasa ba su yi ba.

Saura maganar gona. Kwamandan ya tambayi Baba Magagi abin da yake so a yi masa. Tsohon ya matso. Ya ce abin da ya rage na hatsinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, kuma tsuntsaye sun riga sun dawo. Ya ce ba ya son komai sai mai gadi har girbi. Sannan ya nuna akwatin da ke kan tebur.

"Wancan kuma, in hukuma ba ta bukata, a ba ni."

Kwamandan ya zazzage pil ɗin ya miƙa masa.

Washegari tun da sassafe ina gona. Baba Magagi ya hana a mayar da igiya ko gwangwani. Ya sa aka ɗaura mini tsumma a kowane hannu, ya ce in riƙa juya su sama da kaina ina gudu tsakanin kunyoyin gona, ina kukan inji da bakina. Shi kuwa ya shimfiɗa buzu a inuwar gawo, ga ƙwaryar fura a gefe, ya zare eriya har ƙarshe ya saita ni da ita.

"Hagu!" Ya tura sanda. "Sun sauka wajen kuka. Dama! Ƙara wuta, Kailu, ban jin inji!"

Masu wucewa ta burtali suka riƙa tsayawa. Hamani ma ya rufe teburin namansa ya zo, ya zauna gefen buzu ya sha fura.

"Baba, yaya sabon jirgin?"

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Ya ɗan cika cin tuwo, kuma bai tashi sama. Amma yana jin magana."

Na tsaya in ba su amsa, don ina da ita a bakina. Sai na ga babban yatsan Baba Magagi ya tura sandar hagu, bai ko ɗaga murya ba. Kafin in ankara, ƙafafuna sun yi hagu.